Kyanwar Dajin Gidan Su Arzika

Jama'a, wannan abin da zan ba ku ba ji na yi a bakin wani ba, ni ya faru da ni, kuma da rana tsaka, idona biyu, ban sha komai ba, ban ma taɓa sha ba tunda uwata ta haife ni. Wanda ya ga dama ya yarda, wanda bai yarda ba wallahi ba zan ji haushinsa ba, don ni kaina da a ce wani ne ya zo mini da shi lokacin da nake ji da ƙarfina, dariya zan yi masa in ce sanyin Faransa ya taɓa masa kai.

Farkon shekarun casa'in ne na sauka Paris daga Damagaram, da jaka ɗaya da adireshin wani ɗan unguwarmu, na je na tarar mutumin ya tashi tun bara, ba wanda ya san inda ya nufa. Bizata ta wata uku ce, ta ƙare ina ji ina gani. Allah ya haɗa ni da wata Hajiya 'yar Maraɗi mai ɗan gidan abinci a unguwar Belleville, ina wanke mata tukwane tana ba ni abinci da wurin shimfiɗa kwali a bayan madafa, to a nan ne na san Kawu Arzika. Mutumin wajen Tawa ne, dogo siriri, ya ba hamsin baya kaɗan, amma in ka gan shi sai ka rantse ya kai saba'in saboda tarin da ke cinsa. Shekara ashirin da wani abu ya yi yana shaƙar hayaƙi a masana'antun ƙasar nan har ƙirjin ya ƙi, ba mata, ba ɗa, yana zaune shi kaɗai a saman gidan abincin, a hawa na shida, wani ɗan ɗaki ƙarƙashin rufi wanda in ka buɗe hannuwanka sai ka taɓa bango da bango. Kullum bayan la'asar zai sauko ya zauna a kujerar ƙurya, ya sha shayi kofi ɗaya, ya kalli titi, ya koma sama. Ni kaɗai nake tsokanarsa, don bakina tun ina yaro ba ya zama shiru, in ce, "Kawu, yau ma gwamnan ƙurya ya fito rangadi?" Shi kuma ya ce, "Ɗan Damagaram, je ka ji da tukwanenka."

Wata rana ya ce in raka shi ɗakinsa. Muka hau matakalar nan yana tsayawa a kowane hawa yana maida numfashi, da muka shiga ya jawo wata leda daga ƙarƙashin katifa ya ɗora mini a cinya. Takardunsa ne, na zama da na aiki. Ku da ba ku yi zaman nan a wancan zamani ba, bari in gaya muku, abu ne sananne a tsakaninmu, mai takardu ya ara wa marar takardu ya je wani gari mai nisa ya yi aiki da sunansa. Hoton da ke jiki na lokacin da Kawu yake da sauran ƙarfi ne, ni kuma sanƙo ya kama ni da wuri, sannan masu ɗaukar aikin nan, Allah na tuba, ba sa tsayawa kallon fuskar baƙin mutum sau biyu. Ya ce in tafi Lyon, akwai wani ƙaramin kamfani da ke wanke tankuna a masana'antun Saint-Fons, kullum neman hannu suke. Na fara kame-kamen abin da zan riƙa yi masa, ya ɗaga mini hannu.

"Ɗana, abu biyu kawai nake so," in ji shi. "Duk Juma'a in an sauko, ka bugo tarho wurin Hajiya, in ji an ce ana nemana. Na biyu kuma, in ka ga Gwaggo, ka ajiye duk abin da kake yi ka zo."

Na ce, "Wace gwaggo kuma, Kawu? Ashe kana da dangi a Lyon ka ɓoye mana?"

Bai yi dariya ba. Ya tambaye ni ko na san dabbar nan mai kama da mage da ke zaune a dawa, wadda take ɗauke kaji. Na ce kyanwar daji ke nan, wasu su ce muzurun daji. Ya ce su a wajensu mussar daji ake ce mata, amma a gidansu ba a kama sunanta, Gwaggo suke cewa, don ita ce kan gidansu. Ba sa kashe ta, ba sa cin namanta, ba sa taɓa fatarta, ko kaza ta ɗauka ba a bin ta. Wai asalin abin, kakan kakansu maharbi ne, ya faɗa rami a tsakiyar dawa ya karye, ya yi kwana uku yana jiran mutuwa, ita kuma ta zo ta zauna a bakin ramin tana kallonsa, ba ta tashi ba har ransa ya fita, masu nemansa suka tarar da ita zaune. Tun daga ranar, duk wanda ajalinsa ya matso a gidan, sai ta fito da rana ta zauna inda zai gan ta, ta kwana uku tana rakiyarsa. "Mu gidanmu ba a mutuwa a kaɗaice," haka ya faɗa, yana kallon taga.

Ni ɗan malam ne, na tashi da allo a hannu, na ce, "Haba Kawu, kai da ba ka wasa da salla, wannan ai camfi ne. Kuma ko gaskiya ne, wa zai ba Gwaggo biza?"

Nan ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce shi ma ya san Allah ke rayawa Allah ke kashewa, ita rakiya ce kawai, kuma nisa ba ya hana ta, don yayansa a Abidjan ya rasu, waɗanda suka yi jinyarsa sun ce kwana uku suna ganin wata mussa ja-ja zaune a kan katanga. Sai ya ce, "Abin da ban sani ba, ko da jini take gane mu ko da suna. Ba a taɓa ara wa bare sunan gidanmu ba sai yau. Shi ya sa na faɗa maka." Na ce to Kawu, na ji, na cusa ledar a cikin riga, zuciyata duk tana wurin aikin da zan samu.

Na je Lyon, aka ɗauke ni, shugaban aikin, wanda suke ce wa shef, ko kallon hoton bai yi ba. Na samu ɗan ɗaki a unguwar Vaulx-en-Velin a wani dogon gini, kullum in fita da safe in shiga bas, in sauka in shiga metiro, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, in sake shiga bas har Saint-Fons, inda iska take wari kamar an ƙona roba da ruɓaɓɓen ƙwai. Aikinmu mu shiga cikin tankunan nan da abin rufe fuska mu kankare, mu wanke, mu fito. Ba Bahaushe ko ɗaya a wurin. Kai, na ga kaɗaici, wallahi na gan shi. Sai in yi sati ban furta kalmar Hausa ɗaya ba sai ni da kaina a ɗaki, in tambayi kaina in ba kaina amsa. Daga shef har direban kamfani kowa Arzika yake kirana, tun ina mantawa sai an kira sau biyu, har na zo ina juyawa tun kafin a rufe baki, har ta kai ko a mafarki aka kira ni, Arzika ake cewa. Sunana na yanka kuwa na yi shekara biyu ban ji shi a bakin mutum ba.

Maganar tarho, da fari ban fasa ba. Duk Juma'a in sayi kati in shiga akwatin tarho na bakin titi, Hajiya ta ɗauka ta ƙwala kira, "Malam Arzika, ɗanka na Lyon!" In ji takunsa yana tahowa, mu gaisa, ina gajiya, ina sanyi, ya jiki, ya aiki, shi ke nan, ba mu da wani zance, amma ina jin yadda muryarsa take washewa. To ɗan Adam. Sai ya zama sati biyu, sai wata, yau in ce layi ya yi yawa a bakin akwatin, gobe in ce na gaji, jibi in ce ai ba abin da zan faɗa masa. Gaskiyar magana tarin nasa ne ba na son ji, yana tuna mini abin da ni ma nake shaƙa. Kafin abin nan ya faru na yi wata huɗu cur ban buga ba, kuma ba ni da wata hujja da zan kawo muku.

Ranar wata Litinin ce, sanyi ya fara shigowa, ganyaye sun zube. In an tashi cin abincin rana ni ba na shiga ɗakin cin abincin ma'aikata, ina da wani wuri a bayan tankuna kusa da shingen waya, inda layin dogo ya wuce, nan nake zama a kan wani bulo in ci burodina in yi azahar. Na buɗe leda ke nan na ji a jikina ana kallona. Na ɗaga kai, sai ga ta a ƙetaren shingen, kamar taku goma tsakaninmu, ta zauna a kan ƙafafunta na baya ta miƙe wuya. Magunan bola suna da yawa a wurin, na san su, duk ƙazamai ne masu tsoro, da ka motsa sun watse. Wannan ba irinsu ba ce. Launinta na yashi ne, ƙafafunta dogaye, bayan kunnuwanta ja, wutsiyarta siririya mai zobe-zobe baƙi a ƙarshe, jikinta tas kamar ba ta taɓa taka ƙasar wurin ba. Na gutsuri burodi da kifin gwangwani na jefa mata, ko kallonsa ba ta yi ba, ni take kallo. Ba ta yi kuka ba, ba ta lashi jiki ba, har aka busa komawa aiki tana nan zaune. Na ce a raina mage ce, mage ce kawai, amma burodin nan ban iya ƙarasa shi ba.

Talata na ce wa Rene ya zo mu ci abinci tare. Rene wani tsohon Bature ne da muke shiga tanki tare, mutumin kirki, ɗan ƙauyen kan duwatsu ne, duk hutu farauta yake tafiya, ba dabbar dajin ƙasarsu da bai sani ba. So nake wani ya gan ta ya ce mini magen gidan wani ce ta ɓata. Muna zuwa muka tarar da ita a wurin jiya, zama irin na jiya. Rene ya tsaya cak, ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Wannan ba ta gida ba ce, ta daji ce. Amma ba tamu ba ce." Na ce kamar yaya? Ya ce tasu ta kan duwatsu gajera ce mai kauri, gashinta buzu-buzu, wutsiyarta kamar taɓarya, kuma shi da ya yi shekara arba'in yana yawon daji sau biyu kawai ya taɓa hango ta, ita ma tana gudu, ba ta zuwa kusa da mutum balle masana'anta, balle da rana. Ya ɗan matsa ya tafa hannu, ko gezau. Sai ya juyo ya dube ni ya ce, "Arzika, kai take kallo fa. Ta san ka ne?" Wallahi da ya faɗi sunan nan sai na ga ta ɗaga kunnuwa.

Za ku ce me ya hana ka buga tarho a ranar? Na je. Da aka tashi aiki na shiga akwatin tarhon, na sa kati, na danna lambar Hajiya, yana fara ƙara na kife. Ku tsaya ku ji dalili, ba don in wanke kaina ba. In aka ce mini Kawu yana kwance, dole in tafi, in na nemi izinin tafiya kuma shef zai ce in kawo takarda, a fara bincike, aiki ya tafi, wataƙila ma a sa ni a jirgi. In kuma aka ce mini Kawu lafiya lau, ga shi can yana shan shayi, to ni ke nan ta zo wa, ni da na amsa sunan shekara biyu. Duk amsar da za a ba ni tsoronta nake. Ga kunyar wata huɗu a kai. Na fito daga akwatin nan na ce gobe in Allah ya kai mu.

Laraba da safe na fito zan shiga bas a Vaulx-en-Velin, gari ya waye sarai, mutane cike da tasha, sai ga ta a kan wata guntuwar katanga a ƙetaren titi. Jama'a, tsakanin Vaulx-en-Velin da Saint-Fons ba tafiyar mage ba ce, gari guda ne za ka ratsa da manyan hanyoyin mota. Na shiga bas, na leƙa ta taga, kanta yana bin motar har muka sha kwana. Da rana na ce ba zan je bayan tankuna ba, amma ƙafata ta kai ni, kuma tana nan, ta ma ƙetaro shingen, taku biyar tsakaninmu. Idonta ba na mugunta ba ne, shi ne abin da ya fi ba ni tsoro, irin kallon da tsohuwa take yi wa majinyaci ne. Nan tsoro ya juye mini ya zama fushi, na tashi ina ihu da Hausa, ina cewa, "Ba ni ba ne! Ni ba ɗan gidanku ba ne! Ki tafi!" Na sunkuya na ɗauki dutsen layin dogo na jefe ta, ya same ta a ƙafar gaba. Ba ta yi ƙara ba. Ta tashi, ta dube ni, ta juya tana ɗingishi ta shige ƙarƙashin wani tarago, lokacin ƙarfe goma sha biyu da rabi, don ana busa komawa aiki ke nan. Na koma tanki ina ce wa kaina na rabu da masifa.

Alhamis wajen ƙarfe goma wani abokin aikinmu ya suma a cikin tanki, aka jawo shi da igiya, ya farfaɗo dai, amma ran mutane ya ɓaci, don an daɗe ana kukan abin rufe fuskar ya tsufa. Kafin ka ce me, kowa ya ajiye kayan aiki ya fita bakin ƙofa, ba sandika, wato ƙungiyar ma'aikata, ce ta kira ba, ba wanda ya ba da sanarwa, haka kawai aka watse. Rene yana tsaye kusa da ni yana murna, yana ba ni labari wai su Faransawa irin wannan yajin aikin "na daji" suke ce masa, wanda ba shi da ubangida, Amurkawan da ya taɓa aiki da su a matatar mai kuwa da sunan dabbar nan da muka gani suke kiransa, wai don ba ta jin kiran kowa kuma ba a sanin lokacin da za ta diro, har rijiyar man da aka haƙa a inda ba a da tabbas ma haka suke ce mata. Ni duk maganar nan sama-sama nake jin ta, idona yana kan titi, don na san in 'yan sanda suka zo takardu za su fara tambaya. Rene ya lura, ashe tsohon nan ya daɗe da gane ni, ya matso ya ce, "Yau ba mai kiran suna, gobe ma haka. In kana da inda za ka, tafi." Sai na ji kamar an kwance mini igiya daga wuya, ban ko koma ɗaki ba, da kayan aikin na nufi tashar jirgin ƙasa.

Bayan la'asar kaɗan na isa Belleville. Kujerar ƙurya ba kowa. Hajiya ta gan ni ta riƙe baki ta ce, "Ikon Allah, yau kai ne a gari? Ai mun ɗauka ka manta da mu. Duk Juma'a sai mutumin nan ya zauna kusa da tarho har magariba." Na ce ina yake? Ta ce tun Lahadi ba ta gan shi ba, ta ɗauka sanyi ne ya hana shi saukowa, ita kuma gwiwarta ba ta iya hawa shida. Ban tsaya jin sauran ba. Na hau da gudu, na buga ƙofa, na buga, na kira, shiru, sai wani sanyi da ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofar yana dukan ƙafata. Na sauko na samo matar da ke riƙe da makullan gidan, muka hau tare ta buɗe.

Tagar a buɗe take wangale, a cikin wannan sanyin, mutumin da ko iska ta kaɗa sai ya yi tari. Kawu yana kwance a kan damansa, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, carbi a hannu, fuskarsa tana kallon tagar, idonsa a buɗe. A kan dakalin tagar ya ajiye ɗan faranti da madara, da yankan kilishi guda a gefe, ya kawar da tukunyar shayinsa da rediyonsa don a samu wurin zama. Madarar ta yi fata a sama, ba abin da ya taɓa ta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya san lokacinsa ya yi, ya shirya, ya buɗe mata taga ya kwanta yana jira, ita kuma tana can Lyon zaune a gaban wani ƙaton banza da ke amsa sunansa. Matar ta fita da gudu kiran hukuma, ni kuma, tunda na ce zan faɗi gaskiya bari in faɗa duka, abin da na fara yi kafin in rufe masa ido shi ne na zaro ledar takardun daga rigata na tura ƙarƙashin katifarsa. Sai bayan nan na durƙusa na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da ubana ya rasu. Da likita ya zo ya duba, ya ce tun jiya ne, wajen tsakar rana.

Mu shida muka yi masa salla, har da limamin. Lyon kuwa ban koma aiki ba, mamaci ba ya wanke tanki, sai da na yi shekaru ina gararamba kafin Allah ya ba ni takardu da sunana. Na taɓa haɗuwa da Rene sau ɗaya, ya ce bayan tafiyata ya ga kyanwar nan ranar Juma'a a bakin shingen, ta ɗaga ƙafa ɗaya, tana kallon bulon da nake zama, daga nan bai sake ganinta ba.

A lokacin ba wayar hannu, kaset ake ɗauka a aika gida. Na yi wa danginsa kaset na ta'aziyya, na ce ya cika da kalmar shahada cikin mutane, Allah ya yafe mini wannan ƙaryar, na ba wani mai tafiya Yamai. Sai da aka kusa shekara amsa ta zo wurin Hajiya. Muryar wata tsohuwa ce, yayarsa, ta yi gaisuwa mai tsawo, ta sa mini albarka, ta gaida Hajiya, ana jin kukan awaki a bayanta. Sai ta ce, "Ɗana, abu guda muke so mu sani. Gwaggo ta samu zuwa kuwa? Don mu nan tun bara ba mu sake ganinta ba, an yi rasuwa biyu a gidan, duk ba ta zo ba." Kaset ɗin yana nan a akwatina har yau, ban taɓa ba ta amsa ba, me zan ce mata?

Na kai maganar wurin malamai biyu, ɗaya ya ce shaiɗan ne, ɗaya ya ce in yi istigfari in yi sadaka in bar tono. Na yi. Ni dai ban ce muku ga abin da na gani ba, ban san ko mece ce ba, abin da na sani Rene ya gan ta, kuma dutsen da na jefa ya sami nama. Abin da zan roƙe ku, musamman ku matasa da ke shigowa ƙasashen nan, duk wuya kada ku yi saurin amsa sunan da ba naku ba, ba ku san abin da ke biye da shi ba. Kuma in akwai wani tsoho da ke jiran kiranku a wani ɗaki, ku ajiye wannan karatun ku kira shi yanzu, ko ba ku da abin faɗa, ku ce ina gajiya kawai.

Yanzu ni ne tsohon. Na dawo Vaulx-en-Velin da zama, mai ɗakina ta rasu, yaran suna garuruwansu, in sun bugo ma rabin maganar da Faransanci ne. Har yau in na shiga kasuwa wani tsohon abokin aiki yakan hango ni ya ce "Arzika!" kuma wallahi kafin in tuna na riga na juya. Tari ya fara kama ni ni ma. Ban san ko tsoron zuwanta nake ba ko tsoron kada ta zo, amma duk sanyin da ake yi ina barin tagata a ɗan buɗe, da faranti a kai. Wani lokaci in na duba sai in ga madarar ta ragu, in ce iska ce ta busar da ita, ko magen maƙwabta ce. A hawa na tara nake, kuma ba mai mage a gininmu.